Ba-ni-in-ba-ka ko doguwar ƙwallo: littafin atisayen yaranmu a Jos

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

Yau muka fara gwajin. Yara 22 ne a hannuna, dukkansu 'yan ƙasa da shekara 15, yawancinsu daga Anguwan Rogo da Bauchi Road, kaɗan daga Nasarawa da Farar Gada. Filin na wata makarantar firamare ne, an ba mu aronsa bayan an tashi. Atisaye Alhamis da Juma'a bayan La'asar, tunda ranakun ne babu Islamiyya. Wasa kuma Lahadi da yamma, lokacin da yaranmu Kiristoci sun riga sun dawo daga coci.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mataimakina, ƙanena ne a unguwa, ɗan Barcelona ne na ƙin ƙarawa. A wurinsa duk ƙwallon da ta tashi sama an yi asararta, so yake yaran su fara ginin wasa tun daga gola, ba-ni-in-ba-ka har raga. Alhajin da ke ɗaukar nauyinmu kuwa, mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, cewa yake wannan ɓata lokaci ne: a cilla wa ɗan gaba doguwa ya bi, ai ragar a can take. Kowanensu da hujjarsa, kuma kowanensu a gidan kallo ya samo ta. Ni so nake in gani a kan filinmu, da ƙafafun yaranmu.

Mun tsara mako huɗu na gajeren fas zalla, mako huɗu na doguwar ƙwallo zalla, da ƙungiyoyi uku da za mu kara da su a kowane zagaye. Za a riƙa rubuta inda muka rasa ƙwallo, da yawan shigarmu yadi na 18 na abokan karawa, da bugun da muka kai raga. Yayan ɗaya daga cikin yaran, ɗan aji biyar na sakandare, ya karɓi aikin riƙe biro.

Kuɗin da aka kashe: ƙwallo 4 masu lamba biyar, naira 48,000, rigunan atisaye kala biyu na gwanjo daga Terminus, 15,000, famfo da allura, 3,500. Alamomin fili kuwa robobin lemo muka cika da yashi.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ruwa ya tsuge tun bayan saukowa daga Masallaci. Ba atisaye.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Da'ira muka yi, biyar a kewaye, biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo. Wanda ya ɓatar shi zai shiga ciki. Taɓawa biyu aka yarda: ka tare, ka bayar.

Matsalarsu ba a bayarwa take ba, a karɓa take. Yaro zai zuba wa ƙwallo ido har ta iso, sai ta taɓa ƙafarsa sannan ya ɗaga kai ya fara neman wanda zai ba. Kafin nan an rufe shi. Gajeren fas yana so ka waiwaya tun ba ta zo ba, ka buɗe jikinka yadda kana ganin mai ba ka da inda za ka kai, ka tare da ƙafar da ta fi nisa da mai bayarwa. In ka bayar kuma ba tsayawa za ka yi ba, sai ka gusa ka sake buɗe masa hanya, domin mai ƙwallo ya samu mutum biyu a kowane lokaci, ɗaya dama ɗaya hagu. Yaran nan da ƙwallon lungu suka tashi, mai ragar duwatsu biyu. Sun iya yanka, sun iya ɓoye ƙwallo a matsatsi. Sakinta da wuri ne ba su saba ba, don a lungu wanda ya fi yanka shi ake yi wa tafi.

Mataimakina ya ba su labarin Barcelona ta Guardiola, kofi 14 daga 2008 zuwa 2012. Na ƙara musu abin da ya tsallake: Xavi yana ɗan shekara 11 ya shiga makarantar horon ƙungiyar, Iniesta yana 12. Sun yi shekara da shekaru a cikin irin wannan da'irar kafin duniya ta san su.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Fara wasa daga bugun gola. Tun 2019 doka ta yarda ɗan baya ya karɓi bugun a cikin yadi na 18, ba sai ƙwallon ta fita ba, shi ya sa yanzu kowa ke gini daga baya. Lamba 4 da 5, 'yan bayan tsakiya, su buɗe gefe da gefe, lamba 6, ɗan tsakiyar da ke gabansu, ya sauko tsakiya, 2 da 3, 'yan bayan gefe, su haura bakin layi. Da babu mai matsa musu, abin ya tafi sumul.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wasan farko, da wata ƙungiya daga Rikkos, a filinmu. Sun ci mu 3-1.

Kocinsu ya karance mu cikin minti goma. Da zarar golanmu ya ajiye ƙwallo sai yaransa uku su jeru a bakin yadi na 18, na huɗu ya manne wa lamba 6. Ta farko: gola ya ba lamba 4, shi kuma ya ga mutum ya taho a guje, ya mayar masa. Fas ɗin ba laifi, amma gaban ragar kudu akwai kwarin da ruwan damina ya zaizaye. Ƙwallon ta faɗa ciki ta yi tsalle ta haye ƙafar golan, ɗan gabansu turawa kawai ya yi. Ta biyu lamba 6 ne ya karɓa ya ba filin baya, bai waiwaya ba, aka zare ta daga ƙafarsa kamar mita 20 daga ragarmu. Ta uku daga kwana ce, ba ruwanta da tsarin.

Wadda muka ci ita ta sanyaya min rai. Fas bakwai, daga lamba 3 ta tsakiya, aka juya wasa dama, lamba 7 ya shimfiɗo ta ƙasa, lamba 9 ya ƙarasa. Da muka tsallake mutum huɗun nan da suka hauro, sauran filin wayam yake. Ribar salon tana nan ke nan, sai dai hanyar kaiwa gare ta ta bakin ragarmu ta bi. Littafi ya nuna sau 11 muka rasa ƙwallo a gidanmu.

Golan ya yi kuka bayan an tashi. Ya ce, "Koci, da an bar ni na buga ta gaba." Na faɗa masa a gaban kowa cewa umarni ya bi kuma ya bi daidai, kwari ne ya ci ƙwallon. Alhaji bai ce uffan ba. Ya biya alƙalin wasa 3,000 da fiya wata na 1,500, ya tafi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Rabin lokaci ya tafi a gyaran fili. Jar ƙasa baro 12 daga wurin wani mai gini, naira 9,000 har da ladan mai turawa. Mun cike kwarin mun daddaɓe, mun tsince tsakuwa daga gaban ragogin biyu. Tsakiyar filin kam sai haƙuri. Ƙasar Jos dutse ne a ƙarƙashi, akwai inda kansa ya leƙo, mun zagaye shi da farar ƙasa don yara su sani.

Sauran lokacin na lamba 6 ne. Na sa wani yaro ya tsaya bayansa yana ɗaga yatsu, shi kuma sai ya faɗi adadinsu kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Da haka dole ya waiwaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Da yaran Gangare, 0-0. Wannan ya fi na makon jiya damuna, duk da ba a ci mu ba.

Su ba su hauro ba sam. Mutum tara suka tare a gidansu, suka bar ɗaya a gaba. Muka riƙe ƙwallo yadda muke so: 4 ya ba 5, 5 ya ba 6, 6 ya mayar wa 4. 'Yan kallo har sun fara ƙirga fas da ƙarfi, yaranmu suna jin daɗi. Amma sau 3 kawai muka shiga yadi na 18 ɗinsu a duk wasan, bugu ɗaya ya kai hannun gola. Ba wanda ya yi ƙarfin halin zura fas tsakanin mutum biyu, domin bayan abin da ya faru a wasan Rikkos kowa tsoron ɓatarwa yake. Fas ɗin da ba shi da haɗari shi ne na gefe da na baya, shi suka zaɓa.

Wannan cuta ba ta yara ba ce kaɗai. Sifaniya ta yi fas sama da 1,000 a kan Rasha a gasar kofin duniya ta 2018, aka tashi 1-1, kuma ƙwallon tata ma ɗan bayan Rasha ne ya ci gida. Aka fitar da ita a bugun fenareti. A 2022 Maroko ta kulle gida, 0-0, ta fitar da ita 3-0 a fenareti. Mataimakina ya ce ai mun mallaki wasan. Na tambaye shi sau nawa golansu ya faɗi ƙasa. Bai amsa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bakwai-bakwai. Duk fas ɗin da ya ratsa tsakanin 'yan hamayya biyu maki ɗaya, ko da an ɓatar daga baya. Sun fara gwadawa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Mun je Bukuru, mun ci 2-1. Mota 25,000 zuwa da dawowa. Tun da litar fetur ta haura naira 1,000 direbobi ba sa sauraron roƙo.

Filinsu shimfiɗaɗɗe ne, ga sauran ciyawar damina. Yaran da a gida ke taɓa ƙwallo sau uku kafin su mallake ta, a nan taɓawa ɗaya ta isa. Ba su ƙara ƙwarewa cikin kwana bakwai ba, ƙasar ce ta daina yi musu gardama. Lamba 6 ya waiwaya, ya juya, ya zura wa lamba 10 fas ɗin da ya haifi ƙwallon farko. Na ji daɗin wannan fiye da sakamakon.

A mota hirar El Clasico na daren jiya ce, Barcelona ta je Bernabeu ta zuba wa Real Madrid 4-0. Mataimakina sai murna, wai ga hujja. Na ce masa, "Ƙanena, ka sake kallon ta huɗu." Iñigo Martínez ne ya ɗaga doguwa daga baya ta haye 'yan bayan Madrid, Raphinha ya bi ya ɗaga ta saman gola. Ta farko ma fas ɗaya ne daga tsakiya ya tsaga su zuwa ga Lewandowski. Barcelona ta Hansi Flick ba ta jiran fas ashirin in ta ga hanya a buɗe.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ƙarshen zagayen farko. Da'ira da wasan cikin gida. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Zagaye na biyu. Alhaji ya zo da kansa.

Kafin mu shiga fili na zaunar da yaran, kada su ɗauka doguwar ƙwallo na nufin kowa ya rufe ido ya narka. Wannan salon ma yana da malamansa. Wani hafsan sojan saman Birtaniya, Charles Reep, ya fara zama a filin wasa da takarda da fensir tun 1950 yana ƙirga fas, irin aikin da yaronmu mai biro ke yi. Ya fitar da cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwallayen da ake ci suna zuwa ne bayan fas uku ko ƙasa da haka, don haka a gaggauta kai ƙwallo gidan abokan karawa. Wimbledon mai irin wannan wasa ta doke Liverpool 1-0 a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988. Norway ta Egil Olsen, wanda ya ɗauki karatun Reep da gaske, ta ci Brazil 2-1 a gasar kofin duniya ta 1998.

Ƙa'idarmu: kowace doguwa da inda aka aike ta. Ko kan lamba 9, wanda ya fi kowa tsawo, ko bayan ɗan bayansu na gefe inda 7 da 11, 'yan gabanmu na gefe, za su bi a guje. Kafin ta tashi kuma, 8 da 10, 'yan tsakiyarmu, su riga su matso kusa da lamba 9, domin ƙwallon da ta zubo bayan an yi tsalle ita ce abin nema. 'Yan baya su hauro tare, kada a bar rami tsakani.

Nan take muka ci karo da abin da ba wanda ya kawo a gardamar shago. Cikin yara 22, uku ne kacal ke iya ɗaga ƙwallo ta yi mita 35 ta sauka inda ake so: gola, lamba 5 da lamba 8. Na sauran ko ta mutu a tsakiya ko ta fita waje. Ƙwallo mai lamba biyar ta yi wa ɗan shekara 13 nauyi. Mutane na ɗauka doguwar ƙwallo ita ce mai sauƙi. Buga ta barkatai ne mai sauƙi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Rikkos sun dawo, mun ci su 2-0.

Da shirin da suka ci mu da shi suka zo, mutum huɗu a bakin akwatinmu, wato yadi na 18, 'yan bayansu sun hauro har layin tsakiya. Minti na shida gola ya ajiye ƙwallo kamar zai ba lamba 4, sai ya ɗaga ta ta haye su duka. Lamba 11 yana tsaye a bayan 'yan bayansu tun kafin a buga. Suka ɗaga hannu suna kiran satar gida, alƙali ya ce a ci gaba, kuma gaskiyarsa: babu satar gida a bugun gola, kamar yadda babu a jifa da kwana. Mun koya wa yaranmu wannan ranar Juma'a, nasu ba su sani ba. Ta biyu lamba 9 ya goga da ka, lamba 10 ya tsinta ya buga.

Sau 2 kawai muka rasa ƙwallo a gidanmu. Golan ya yi wasa da sakin jiki, har yana tsawa yana gyara 'yan baya.

Alhaji ya tuna wa yaran ƙwallon Ahmed Musa ta biyu a ragar Iceland a 2018: Kenneth Omeruo ya cilla doguwa ta gefen hagu, Musa ya tsere wa ɗan baya, ya yanke gola, ya zura. Ya ce musu, "Ɗan garin nan ne, a irin filayen nan ya taso." Misalin ya dace da lamba 11 namu. Abin da na ƙara shi ne ƙwallon ta yi aiki ne saboda an ci Iceland ɗaya sun fito neman ramawa, sun bar fili a bayansu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mummunar rana. Muna atisayen tsalle, lamba 9 da lamba 4 suka tashi kan ƙwallo ɗaya, kawunansu suka gwaru. Lamba 4 ƙulu kawai ya yi. Lamba 9 girarsa ta fashe, jini ya wanke masa fuska, da ya miƙe kuma ya ce yana ganin jiri. Muka sa shi a Keke zuwa asibiti. Ɗinki uku, da magani da kuɗin Keke 12,500. Likita ya ce ba ƙwallo sai bayan mako biyu aƙalla, in ya yi amai ko ciwon kai ya tsananta a dawo da shi cikin gaggawa.

Na raka shi gida na yi wa mahaifinsa bayani. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma a riƙa lura." Na ce in sha Allahu, Baba.

Wannan ma yana cikin lissafin salon, dole in rubuta shi. Doguwar ƙwallo wasan sama ce, wasan sama kuma kai ne ke biya. Tun 2015 Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi. Yaranmu sun wuce goma, amma ba su gama girma ba. Daga yau babu atisayen mutum biyu su yi tsalle kan ƙwallo ɗaya. Sa kai sau kaɗan, da ƙwallon da aka rage wa iska. Doguwa kuma a nufi ƙirji ko fili, ba kan yaro ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gangare sun ci mu 1-0.

Kamar wancan karon, sun kulle gida. Babu fili a bayansu da 7 da 11 za su bi, ga 'yan bayansu biyu dogaye suna fuskantar ƙwallo, ga mu babu lamba 9. Duk wadda muka aika sai ta dawo, sai ka ce mai jifan bango. Iskar hunturu ta ƙara dagula lissafi. Kafin hutu tana bayanmu, ƙwallo na zarcewa hannun golansu. Bayan hutu tana gabanmu, bugun gola na tsayawa a sama ya faɗo kafin tsakiya. Daga irin wannan suka tsinta suka kai harin da ya ba su ƙwallon. Ƙasa kuma ta bushe ƙarau, ƙwallon da ta sauko daga sama tsallenta ya fi yaro tsawo.

Mai biro ya yi wani abu da ban sa shi ba: ya ƙirga taɓawar lamba 10 kafin hutu. Tara. Yaron da ya fi kowa basira a ƙungiyar ya yi minti 35 yana kallon ƙwallo tana wucewa ta samansa. A hutun ya ce min, "Koci, wuyana ya gaji." Ba wasa yake ba, ransa a ɓace yake.

Alhaji ya ce da lamba 9 na nan da labari ya sha bamban. Mai yiwuwa. Amma salon da rashin yaro ɗaya ke rushewa, wannan ma abin rubutawa ne.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Sanyi da hazo. Yara 14 suka zo. Dogon fas bibbiyu, mita 25.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Bukuru sun nemi a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Muka yi na cikin gida.

Jiya Tottenham ta ci Manchester City 4-0 a Etihad, karo na biyar a jere da aka doke City. Alhaji ya ce zamanin ba-ni-in-ba-ka ya ƙare, ya kuma jawo kashi 80 ɗin Reep da na faɗa wa yara. Sai na buɗe masa littafinmu. A kowane wasa, mafi yawan lokutan da ƙwallo ta zo hannunmu ba ma kai fas huɗu take ɓacewa. Haka yake a lissafin Reep kansa: sama da kashi 90 na hare-haren da ya ƙirga ba su wuce fas uku ba. In gajerun hare-hare sun haura kashi 90 amma kashi 80 na ci suka kawo, to 'yan kaɗan ɗin nan masu fas da yawa sun kawo fiye da rabonsu. Adadin gaskiya ne, hukuncin da aka ɗora a kansa ne ya karkace. Game da City kuwa, sun rasa Rodri tun Satumba, mutumin da ke tsaye a inda lamba 6 namu ke tsayawa. Su ma rashin mutum ɗaya ya taɓa su.

Lahadi, 1 ga Disamba

Bukuru 2, mu 1. Mota 28,000. Lamba 9 ya zo amma a benci na bar shi.

Mu muka fara ci, doguwa daga lamba 5 zuwa lamba 7. Bayan hutu yaran suka zube. Wanda ke yawan ba da ƙwallo shi ke yawan binta, kuma filin Bukuru da faɗi. Minti 15 na ƙarshe 8 da 10 ba sa iya kaiwa inda ƙwallo ke zubowa, rami ya buɗe tsakaninsu da 'yan baya, ta nan aka ci mu duka biyun.

Wani dattijo a bakin fili, wanda ya ce ya kalli Mighty Jets lokacin da suka ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972, zamanin su Sam Garba da Isma'ila Mabo, ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, yaran nan da suka zo wancan karon sun fi waɗannan iya ƙwallo." Na ce, Baba, ai su ne. Ya ce ya sani.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ba atisaye, yara na jarrabawa. Mun zauna a shagon Alhaji da littafi.

Gajeren fas: an ci mu ɗaya, canjaras ɗaya, nasara ɗaya, mun zura ƙwallo 3 an zura mana 4. Doguwa: nasara ɗaya, an ci mu biyu, mun zura ƙwallo 3 an zura mana 3. Wasa uku-uku ba su isa a yanke wa salo hukunci ba, na faɗa musu haka tun kafin kowa ya fara murna. Abin da ya fito fili shi ne tsarin da ke ƙarƙashin sakamakon. Rikkos masu haurowa: gajere ya kashe mu, doguwa ta kashe su. Gangare masu kulle gida: gajere ya hana su taɓa mu amma bai buɗe su ba, doguwa kuwa kyauta muka riƙa ba su. A fili mai kyau gajere ya fi, a namu mai kwari da dutse haɗarinsa ya ninka. Inda abokin karawa ya bar fili, can ya kamata ƙwallo ta je. In ya taso gabanka filin na bayansa, in ya koma gida filin na gabansa da gefensa.

Matsayata a kan atisaye ba ta rabu biyu ba. Kashi mafi yawa zai zauna a kan gajeren fas, domin shi ke koya wa yaro tarewa da waiwaye da tunani, kuma kowa na samun taɓawa. Garin da ya fitar da Mikel Obi bai kamata ya tarbiyyantar da 'yan tsakiyar da ƙwallo ke bi ta samansu ba. Amma hana yaro buga doguwa alhali mutum huɗu sun rufe shi a gaban kwari, wannan kwaikwayon talabijin ne, ba koyarwa ba. Sifaniya kanta da ta ɗauki kofin Turai a 2024 ta ci Croatia 3-0 ba tare da ta fi su riƙe ƙwallo ba, da yara biyu masu gudu a gefe, Lamine Yamal da Nico Williams.

Mataimakina ya yarda da rabi. Alhaji ya ce shi dai a ci wasa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Zagaye na uku, haɗe-haɗe. Doka ɗaya muka ba gola: kafin ka buga, ƙirga rigunansu a kusa da akwatinmu. Uku ko fiye, ɗaga ta bayansu. Biyu ko ƙasa, ba na kusa. Ga masu kulle gida kuma: a tara fas a gefe ɗaya har su karkato, sannan lamba 8 ya cilla doguwa a karkace zuwa ɗaya gefen, inda ɗan gefenmu zai samu mutum ɗaya kacal a gabansa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Gangare, 1-1. Karon farko da muka zura musu ƙwallo. Fas biyar a hagu, suka zubo can gaba ɗaya, lamba 8 ya juya ta dama, lamba 7 ya yanke mutuminsa ya shimfiɗo wa lamba 9, wanda ya dawo yau. Sau 8 muka shiga yadi na 18 ɗinsu.

Sabuwar matsala: gola na yanke shawara, amma sauran ba su san me ya yanke ba. Sau biyu ya ɗaga doguwa alhali 8 da 10 sun sauko karɓar gajere, lamba 9 ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar mutum uku. Daga ta biyun suka farke. Muna buƙatar alamar da kowa zai gani. Mataimakina ya kawo shawarar in gola ya ajiye ƙwallo a kusurwar dama ta ƙaramin akwati doguwa ce, in a tsakiya gajere. Za mu gwada, duk da koci mai ido zai gane ta kafin hutu.

Jimillar kuɗi zuwa yau naira 163,500. Alhaji ya ɗauki 120,000, sauran daga karo-karon iyaye da aljihuna.

Za mu tafi hutu saboda Kirsimeti, wasu yaran za su ƙauye. Dawowa Alhamis, 9 ga Janairu. Kafin nan ina neman ƙwallo 3 masu lamba huɗu don ƙananan, da ƙarin jar ƙasa ga ragar arewa. Aikin Janairu: lamba 2, 3, 4 da 6 su iya dogon fas na mita 30, domin yanzu duk wanda ya tsare lamba 8 ya tsare juyin wasanmu. Ina so mu sake karawa da ƙungiyoyin ukun nan kafin azumi ya kama a farkon Maris, na Rikkos a filinsu.